Gidan Haya a Hannun Dattijo: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, a Jihar Kaduna, yawancin waɗanda suka manyanta ba su da fansho. Manomin rake a Makarfi, da mai lambun tumatir a Ikara, da mai gonar inabi a Kudan, babu ofishin da zai riƙa aiko musu da wani abu a ƙarshen wata ranar da ƙarfi ya ƙare. Abin da mai hangen nesa kan yi tun da sauran ƙarfinsa shi ne, duk shekarar da kaya suka yi daraja ya sayi fili, ya buga bulo, ya tayar da ɗakuna huɗu ko shida, ko ya fasa katangar gidansa ta bakin hanya ya fitar da shaguna. Kuɗin hayar nan su ne cefanensa, su ne kuɗin maganin hawan jininsa, da su yake fita kunyar biki da suna.

Masu neman hayar kuwa ba su yankewa. Akwai ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi. Akwai ma'aikatan sakatariya a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedikwatar Kudan, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai masu neman shago a wurare irin su Tashar Yari a kan hanyar Zariya zuwa Kano, da 'yan kasuwar da ke neman sito su ajiye masara da waken soya har farashi ya tashi.

Mafi yawan wannan harka da baki ake ƙulla ta, a zaure, bayan sallar la'asar. Tana tafiya lafiya muddin mai gidan na da ransa da lafiyarsa da tunaninsa. Ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya kau, duk abin da ba a rubuta ba yakan faɗa kan mafi rauni a cikin mutanen: ko dattijon kansa, ko matar da ya bari, ko tsohon ɗan hayar da ba shi da wurin komawa.

Kuɗin da suka tsaya wuri guda

Dattijo yana jin nauyin ƙara wa ɗan haya kuɗi. Mutumin da ya shekara goma a gidanka, aka yi sunan 'ya'yansa a ƙofar gidanka, kuna sahu ɗaya a masallaci, da wane baki za ka ce masa ya ƙara? Sai hayar ta tsaya a inda take, alhali komai ya wuce ta. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Mu ɗauki misali. A ce dattijo na da ɗaki shida, kowanne naira 40,000 a shekara. Jimla 240,000 ke nan, wato 20,000 a wata, abin da bai kai sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. A cikin waɗannan ne za a sauya kwanon da ya yi tsatsa, a kwashe shadda, a yi yaɓe kafin damina. In ba a ware wani abu don gyara ba, gidan na cin kansa ne a hankali, har ranar da katanga za ta zube a watan Agusta ba a da ko sisin tayar da ita. Hanyar da ba ta ɓata zumunci ita ce a faɗa tun ranar shiga cewa za a riƙa duba kuɗin duk bayan shekara biyu, kuma za a sanar da ɗan haya watanni kafin lokacin. Ƙari kaɗan-kaɗan da mutum ya san da zuwansa ya fi sauƙin ɗauka a kan ninki biyu da magada za su ɗora masa rana ɗaya.

A kula da kuɗin wuta. Bashin wutar da ɗan haya ya tara ya tashi, a aikace sau da yawa gidan yake bi, kuma ƙofar dattijon masu yanke wuta za su ƙwanƙwasa. Mita mai kati ta raba wannan gardama a inda aka same ta.

Wanda ke karɓa a madadin Baba

A nan ne aka fi cutar da tsofaffi, kuma abin baƙin cikin shi ne ba kasafai bare ke yin cutar ba. Idan ido ya yi rauni ko ƙafa ta ƙi, sai a ce wane ya riƙa karɓo kuɗin. Wanen nan ɗa ne, ko ɗan ƙane, ko dillalin da ya kawo 'yan hayar. Shekarar farko yakan kawo kuɗin cif. Daga baya sai a fara jin "ba su biya ba tukuna, Baba", ko "an yi gyara da su". Dattijo ba ya son a ce yana tuhumar ɗansa, sai ya yi shiru ya haɗiye. Sauran 'ya'yan, musamman mata da ke gidajen aurensu, ba su san nawa ake karɓa ba sai ranar rabon gado.

Wakili amintacce ne a shari'a, amma amana ba ta hana lissafi. Littafi ɗaya ya isa: sunan ɗan haya, ɗakin da yake, nawa ya biya, ranar da ya biya, ranar da kuɗinsa za su ƙare. Kowane biya a ba da rasit. In dattijon na da asusun banki, kuɗin su shiga can kai tsaye, saƙon shigarsu ya zo wayarsa, ko da jika ne zai karanta masa. Ladan wakili kuma a yanka masa shi a fili, domin wanda aka sa aiki ba a faɗa masa rabonsa ba, shi yakan yanka wa kansa.

Wasu kan je wurin lauya a rubuta takardar wakilci. Takarda ce mai amfani, amma a san iyakarta. Kotun Ƙoli ta Najeriya, a shari'ar Ude da Nwara ta 1993, ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta mayar da gida mallakar wakili. Izini ne kawai na yin aiki da sunan mai shi. Wakilci na yau da kullum kuma yana ƙarewa da mutuwar wanda ya ba da shi, a dokar ƙasa da kuma a fiƙihu. Saboda haka ɗan da ke karɓar haya da izinin mahaifinsa, daga ranar da aka yi jana'iza kuɗin da ke shiga hannunsa na magada ne gaba ɗaya. A rubuta abin da wakili zai iya da abin da ba zai iya ba. Karɓar haya daban, sayarwa ko jinginarwa daban.

Idan tsufa ya kai ga dattijo ba ya gane mutane ko yana manta abin da ya faɗa da safe, sa hannunsa a takardar ciniki ba ya ƙulla komai, kuma zama babban ɗa ba ya ba mutum ikon sayar da dukiyar uba. Alƙali ne ke naɗa wanda zai kula da dukiyar irin wannan mutum. Mai lafiyar hankali kuma da bai yi boko ba, ko da ya haddace Alƙur'ani yana rubuta ajami, doka ta tanadi cewa a karanta masa takardar a fassara masa, a kuma rubuta a jikinta cewa an yi haka da sunan wanda ya rubuta ta. Dangwala yatsa a takardar Turanci da ba a karanta wa mutum ba ya raba mutane da yawa da gidajensu.

Na san abin da ke hana yawancinmu tayar da zancen. Ana ganin kamar wanda ya ce a rubuta yana yi wa uba fatan mutuwa. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɗa mai ladabi zai iya durƙusawa ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. So muke a rubuta yadda ka tsara harkar gidan nan da bakinka, don kada wani ya zo ya faɗi abin da ba ka faɗa ba." Dattijo da yawa jiran wanda zai buɗe musu ƙofar maganar suke yi.

Idan mai gida ya rasu

Abu na farko da magada kan jahilta: a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kaduna ke bi, mutuwar mai gida ba ta warware haya mai ƙayyadadden wa'adi, haka ma mutuwar ɗan haya. In mutum ya biya kuɗin shekara a watan Janairu, mai gida ya rasu a watan Afrilu, ɗakin na hannunsa har Disamba, kuma babu mai sake karɓar kuɗin watannin nan a wurinsa. Amma da me zai tabbatar ya biya, in wanda ya karɓa yana kabari? Rasit ɗin da ake raina wa shi ne shaidarsa. Malamai sun bambanta haya mai ƙayyadadden wa'adi da hayar "kowane wata kaza" wadda ba a yanka mata iyaka ba. Ita wannan kowane ɓangare na iya janyewa idan abin da aka biya ya ƙare.

Abu na biyu, matar mamaci. Tana da haƙƙin yin takabarta, wata huɗu da kwana goma, a gidan da mijin ya bar ta, idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya hayarsa. Bayan haka tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, in matan sun fi ɗaya su raba wannan kason a tsakaninsu. Kason nan ya shafi gidan hayar, ya kuma shafi kuɗin hayar da ke shigowa tun daga ranar rasuwa har ranar rabo. Haka 'ya'ya mata. Ana yawan barin gida shekaru ba a raba ba, da sunan "a bar gidan Baba yadda yake", alhali mutum ɗaya ke cin hayar. Wannan ba riƙon zumunci ba ne, cin haƙƙin marayu da zawarawa ne, kuma tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana daka a gidan ita ta fi kowa jin jiki.

Sai maganar kyauta, wadda ta cika kotuna. Dattijo ya ce a gaban mutane, "Shagunan nan biyu na ba wance." Ya ci gaba da karɓar hayarsu yana kashewa har Allah ya yi masa rasuwa. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa tun mai kyautar na da rai da lafiya. In ba haka ba, ta koma cikin gado. Wanda ke son kyautarsa ta tabbata, ya miƙa makullai, ya tara 'yan hayar ya ce daga yau ga mai shago, a rubuta, a sa shaidu. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Mai kyauta ya kuma tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe ɗa guda da ita.

Akwai kuma zaman alfarma. Dattijo ya ba wani ɗaki ko kango ya zauna don Allah, babu haya. Shekaru suka tura, mutumin ya yi gini, ya haƙa rijiya. A fiƙihu, wanda ya riƙe wuri shekara goma yana yin abin da mai wuri ke yi, mai shi na gari yana gani bai ce uffan ba, riƙon nan na iya zama hujja a gare shi. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Amma hukuncin ba ya aiki idan an tabbatar aro ne ko haya ko jingina. Layi biyu a takarda, "na ba wane aron wannan ɗaki", da sa hannun mai unguwa, sun isa su tsare alherin kada ya zama shari'a tsakanin 'ya'yansu.

Tsohon ɗan haya

Ba kowane tsoho ne mai gida ba. Akwai malamin makarantar da ya yi ritaya yana jiran haƙƙoƙinsa, akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka watse neman abinci a Kaduna da Legas, akwai baƙon da ya zo cin rani tun yana saurayi ya tsufa a garin. Ga irin waɗannan, tashi daga ɗaki ba sauya adireshi ba ne kawai. Rabuwa ce da masallacin da ake cigiyarsu in ba a gan su asuba ba, da maƙwabciyar da ke aiko musu da tuwo.

Su sani cewa doka ba ta yarda mai gida ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo ba. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, watso kaya waje, ko ɗauko 'yan sanda don su tsorata shi, duk suna iya jawo wa mai gidan biyan diyya. Ƙa'idar da aka saba da ita a dokokin haya na galibin jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta yanka wani wa'adi ba, ita ce notis na mako guda ga mai biyan mako-mako, wata guda ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Bayan ya cika a ba da wani na kwana bakwai, sa'an nan a tafi kotu, ita ce mai ba da umarnin fitarwa.

Amma fa doka ba ta ce a zauna kyauta ba, kuma sau da yawa mai gidan da ake ƙi biya shi ma tsoho ne mai jiran kuɗin ya sayi magani. 'Ya'yan tsohon ɗan haya su san cewa biyan hayar iyayensu mabuƙata na cikin ciyarwar da ke wuyansu. Mai gidan da ya yi niyyar barin wani tsoho ya zauna iya rayuwarsa, shari'a ta san wannan kyauta ta zama: mutum ya amfana da ɗakin har ya rasu, sa'an nan ya koma ga mai shi ko magadansa. Sai dai ita ma tana son shaidu da rubutu, in ba haka ba alkawarin zai bi mai gidan kabari.

Ga mai son saye

Mai kuɗin da ke neman gidan haya ya zuba jari yakan sami tayi daga dattijai, don su ne ke da filaye a tsakiyar gari. Tambayar farko ita ce ta ina gidan ya zo hannunsa. In gado ne da ba a raba ba, ɗaya ba ya sayar da rabon saura, kuma abokan tarayyarsa na da haƙƙin shuf'a, wato su biya abin da ka biya su karɓe kason. Ka zauna da dattijon ido da ido, ba ta bakin dillali kaɗai ba, a gaban wasu daga 'ya'yansa maza da mata. Kuɗin su shiga asusunsa. La'adar dillali a faɗe ta a fili. Ka tambayi kowane ɗan haya har yaushe ya biya, domin sayen gida ba ya share wa'adinsa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma ta ce sai da amincewarsa ake sayar ko jinginar da filin da ke da takardar gwamnatin jiha. Na karkara kuwa da amincewar ƙaramar hukuma. A Kaduna, hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 ce ke riƙe da rajistar filaye, a can ake bincika ko akwai wani suna ko wani bashi a kan wuri. Takardar dagaci ko hakimi shaida ce mai ƙarfi a gari, kada a raina ta, amma ba ta maye gurbin takardar gwamnati.

Wani lokaci dattijon kan ce zai sayar amma a bar shi a ciki. Malaman Malikiyya sun yarda a sayar da gida a jinkirta karɓarsa zuwa wa'adi sananne, kamar shekara guda. "Har in mutu" kuwa wa'adi ne da ba wanda ya san tsawonsa. A Faransa suna da irin wannan ciniki a dokarsu, kuma an ga inda yake kaiwa: a 1965 wata tsohuwa mai shekara 90 a garin Arles, Jeanne Calment, ta sayar wa wani lauya gidanta bisa sharaɗin zai riƙa biyanta duk wata har ta mutu. Shi ya rasu a 1995, iyalinsa suka ci gaba da biya, ita kuwa sai a 1997 ta rasu tana da shekara 122. Irin wannan rashin tabbas ne shari'armu ke gudu a ciniki. Haka jingina: ba dattijo bashi ka riƙe shagonsa kana cin haya, sa'an nan ya dawo maka da kuɗinka cif, malamai na lissafa shi cikin bashin da ya jawo amfani.

In rigima ta riga ta tashi, a fara da mai unguwa da limami, sa'an nan dagaci da hakimi, kuma duk sulhun da aka yi a rubuta shi kowa ya riƙe kwafi. In ta faskara, maganar gado da kyauta da wasiyya tsakanin Musulmi ta kotun shari'ar Musulunci ce, irin waɗanda jihar ta kafa a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi. Gardamar mallakar filin da ke da takardar gwamnatin jiha kuwa Babbar Kotu ake kai ta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ya tafi da duk rasit da takardar da ke hannunsa, da sunayen shaidun da ke raye.